Me ya haɗa jaki da binciken lafiya?

Jiya muna dawowa daga Gwadabawa ka ce mini, "Malam, mu da aka aiko binciken lafiyar yara, me ya kai mu ƙirga jakuna da leƙen masai?" Ƙarar mota ta hana ni amsa maka. Matso ka ji.

Yaro a gida yake ɗauko ciwo, asibiti gani kawai yake yi. Ka leƙa asibitin yara masu cutar noma da ke nan Sakkwato (ba noman gona ba, ciwon nan mai zaizaye baki da kumatu), ka dubi gidajen da ake kawo su: abinci bai isa ba, rigakafi bai kai ba, sau da yawa ƙyanda ta riga ta kassara yaron. Tun 2008 kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙarƙashin Michael Marmot ya nuna cewa inda aka haifi mutum, da inda ya tashi, da aikin da yake yi, su ke raba lafiya tsakanin jama'a. Shi muke aunawa.

To, jakin. Manomin albasa a Goronyo, ka ce masa nawa kake samu a wata, wane watan? Na kaka ko na bazara? Shi ya sa binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, irin na 2013 da 2018, yake auna hali da abin da gida ya mallaka: rediyo, keke, babur, dabbobi, rufin kwano ko na azara, daɓen siminti ko na ƙasa, rijiya ko burtsatse. Sai a jera gidaje daga mafi talauci zuwa mafi wadata, a kasa su biyar.

Mutum biyu za su ɓoye maka. Ɗaya tsoron haraji yake yi, kakansa ya ba shi labarin jangali. Ɗayan yana zaton tallafi ka kawo, ga babur jingine a zaure, shi ko yana cewa ko kaza ba shi da ita. Kada ka ƙaryata dattijo a gidansa. Ka faɗa tun farko ba ka raba komai, ba ka karɓar komai. Daɓe da rufi kuwa idonka ne zai amsa, ba bakin mai gida ba.

Ni ma ina sabon shiga na taɓa rubuta ƙaton gida a matsayin iyali ɗaya, ashe tukunya huɗu ake ɗorawa a ciki, ɗaya ta wata bazawara ce da marayunta. Babur ɗin wan mijinta ya mayar da ita mai hali a takarda. Ka riƙa tambaya, su wa ke ci daga tukunya ɗaya?

Mace ta ce ba ta san shekarunta ba, kada ka ƙaga mata. Tambaye ta ko an haife ta lokacin da jirgi ya faɗi da Sarkin Musulmi Maccido a 2006. Kuma "ban sani ba" daban, "babu" daban, kowanne da gurbinsa.

Wajen rahoto aka fi ɓarna. In ka haɗa matar ma'aikaci a birni da ta ruga a bayan Tangaza ka fitar da adadi ɗaya, ka binne ta rugar. Raba su: birni da ƙauye, mai boko da marar boko, kashi na ɗaya da na biyar, ka kuma faɗi gidaje nawa suka ƙi amsawa. Amma kada rabon ya kai inda mai unguwa zai karanta ya ce, ai wance ce.

Gobe da asuba za mu fita. Ka cika batirin na'urarka, in mun isa mu fara gaida hakimi. Cikin gida kuwa ka bar wa abokiyar aikinka, kai ka tsaya a zaure.