Tambaya da Amsa: Yawon kallon dabbobin teku a gaɓar Afirka ta Kudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan Satumba mai zuwa zan halarci taro na mako guda a birnin Cape Town, kuma masu shirya taron sun ware mana yini ɗaya na shaƙatawa, sun ce wanda yake so za a kai shi cikin jirgin ruwa ya kalli manyan kifaye da tsuntsayen teku. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin, ban iya iyo ba, kuma duk lokacin da na ji labarin kifewar kwale-kwale a Kebbi ko Neja sai gabana ya faɗi. Shin abin ya kai a kashe masa kuɗi a ɗauki kasada? Kuma me zan gani? Daga wani malamin jami'a a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka je, domin Allah ya sa taron naku ya faɗo a watan da ya fi kowanne dacewa. Babban abin da ake zuwa kallo a wannan gaɓa shi ne kifin wel, wanda muke kira kifi don yana zaune a ruwa, alhali dabba ce mai shaƙar iska da huhu, mai haihuwa, mai shayar da ɗanta nono. Irinsa ne sahabban da ke ƙarƙashin Abu Ubaida suka tarar teku ta jefo bakin gaɓa, suka yi kwanaki suna ci daga namansa. Nau'in da ke zuwa Afirka ta Kudu tsawonsa kan kai mita 15, nauyinsa ya haura tan 40. Yakan yi kiwo a ruwan sanyi na can kudu wajen Antaktika, sannan daga watan Yuni zuwa Nuwamba ya matso gaɓa inda ruwa ya lafa domin barbara da haihuwa, kuma a Satumba da Oktoba ne suka fi taruwa.

Wurin da aka fi sani da wannan kallo shi ne garin Hermanus, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Cape Town, sai Gansbaai da ke gaba da shi kaɗan, inda jirage ke tashi daga wata ƙaramar tasha mai suna Kleinbaai. A nan na shiga nawa jirgin, kuma abin da ya tsaya mini a rai har yau ƙara ce. Direba ya kashe inji, muka yi tsit muna lilo a kan ruwa, can sai muka ji wani huci mai ƙarfi daga gefen hagu, kamar an kwance bakin tayar tirela. Da muka juya sai ga feshin ruwa ya rabu biyu a sama, ga baƙin doron wata uwar wel ya taso a hankali, ɗanta na manne da gefenta. A kanta akwai wasu fararen ƙuraje masu kaushi kamar kanta, kuma jagoranmu ya bayyana mana cewa tsarin ƙurajen kowane wel daban yake da na ɗan'uwansa, da shi masu bincike na Jami'ar Pretoria ke gane su ɗaya bayan ɗaya a hotunan da suke ɗauka daga sama kowace shekara tun 1979. Ka kwantar da hankalinka game da bakinsa, domin wannan nau'in ba shi da haƙora, yana tace ƙananan halittun ruwa ne ta wasu faranti masu kama da tsintsiya da ke rataye a muƙamuƙinsa na sama.

Tsoron da kake ji yana da dalili, kuma ba zan ce maka babu haɗari ba, tunda a watan Oktoban 2012 wani jirgin masu yawon kallo ya kife kusa da Hout Bay, mutum biyu suka rasu. Sai dai abubuwan da suka fi kashe mutane a kogunanmu sanannu ne, wato lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, kuma dukkansu kana iya tantance su da idonka tun kana tsaye a tasha. Ka tambayi kamfanin ko yana da lasisin kallon wel daga gwamnati, ka tambayi adadin fasinjojin da aka yarje wa jirgin ya ɗauka, ka tabbata an ba ka rigar ceto daidai jikinka an kuma ɗaure maka ita kafin a tashi, sannan ka gaya wa ma'aikatan a fili cewa ba ka iya iyo ba. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma zai sa su zaunar da kai inda idonsu ke kanka. Idan aka ce an fasa tafiya saboda iska, kada ka nemi wani jirgin da ya yarda ya fita.

Batun lasisin nan ya shafi lafiyarka, ya kuma shafi dabbar. Dokar ƙasar ta hana kowane jirgi matsawa kusa da wel ƙasa da mita 300, sai mai lasisi, shi ma iyakarsa mita 50, daga nan ya dakata, in dabbar ta ga dama ta iso da kanta. Uwar da ke shayarwa kusan ba ta cin komai a watannin da take gaɓa, kitsen jikinta ne ke riƙe da ita da ɗanta, saboda haka duk korar da jirgi ya yi mata ƙarfin da za ta koma da shi kudu ne ake rage mata. Waɗannan dabbobi an taɓa farautarsu har suka kusa ƙarewa kafin a ba su kariya a 1935, kuma mace takan haifi ɗa ɗaya ne tak a kimanin shekara uku. Direban da ya yi maka alkawarin zai kai ka har ka shafa bayanta, wannan ka bar masa jirginsa.

Abin da ya fi damun sabon shiga shi ne jiri da tashin zuciya, waɗanda ke zuwa saboda kunnen ciki yana jin motsi alhali ido na kallon abin da ke tsaye. Ka nemi maganinsa a kantin magani ka sha tun kafin a tashi kamar yadda aka rubuta a jikinsa, ka ci abinci marar maiƙo, ka zauna a fili wajen tsakiyar jirgi kana duban can inda sama ta haɗu da ruwa, ka rage duba waya. Citta ma tana taimaka wa wasu. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, domin Satumba a can ƙarshen hunturu ne, kuma iskar teku ta fi ta gari cizo. In kuwa ranar ta zo zuciyarka ta ƙi, a Hermanus akwai hanyar ƙafa a saman duwatsun gaɓa inda ake hangen wel ba tare da an shiga ruwa ba, har garin na da mai shela da ke busa ƙaho idan an hango su.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara tara ya nace cewa akwai tsuntsun fenguwin a Afirka, ni kuma na san shi da ƙasar ƙanƙara. Muna shirin zuwa Cape Town da mahaifinsa a hutun Disamba. In gaskiya ne, a jirgi za mu gan su? Kuma yana son ganin kifin shak. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna.

AMSA: Hajiya, yaronki ya yi gaskiya. Akwai fenguwin na Afirka, wanda ke hayayyafa a gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya kaɗai, saboda igiyar Benguwela da ke kawo ruwan sanyi mai yalwar ƙananan kifaye. Tsayinsa kimanin santimita 60 ne, ba ya tashi sama, a ruwa yake nuna gwanintarsa, kuma kukansa sak na jaki. Jiragen Kleinbaai kan ratsa ta kusa da tsibirin Dyer, mai nisan kimanin kilomita 8 daga gaɓa, amma an hana sauka a kansa, don haka daga nesa za ku hange su, sai an dace a gamu da 'yan kaɗan suna iyo. Daura da shi akwai wani dutse mai suna Geyser da dabbar sil kusan 60,000 ke kwana a kai, wata dabbar teku ce mai gashi da fikafikan iyo. Warinsu ne zai fara tarbar ku tun kafin ku iso, sannan hayaniyarsu mai kama da ta kasuwar awaki, sannan ku ga ƙananansu suna wasa a gefen jirgi da fiffike ɗaya a sama. Ki riƙe hannun yaron a cikin jirgi, domin a 2024 an tabbatar da cutar haukan kare a jikin waɗannan dabbobi, kuma ko a bakin gaɓa aka gamu da su ba a matsa musu.

Ga yaro mai shekara tara, ni na fi son ku kai shi gaɓar Boulders da ke Simon's Town, ƙasa da tafiyar awa guda daga tsakiyar Cape Town, inda aka shimfiɗa gadar katako ana tsayawa a kai ana kallon fenguwin a kusa. Ku je yanzu, domin tsuntsun yana ƙarewa. A watan Oktoban 2024 aka sanya shi cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa daga doron ƙasa, bayan ma'auratan da ke hayayyafa a Afirka ta Kudu sun koma ƙasa da 10,000, alhali tsibirin Dyer shi kaɗai ya taɓa ɗaukar fiye da 20,000 a shekarun 1970. Musabbabin ya faro ne tun da daɗewa, lokacin da aka kankare tarin kashin tsuntsaye da ke kan tsibiran aka sayar a matsayin taki, wanda a cikinsa suke haƙa ramin ƙwai, sai ƙwan ya koma fili yana shan rana, wasu tsuntsaye na ɗauka. An kuma yi ta kwasar ƙwan ana ci har shekarun 1960. A shekarar 2000 wani jirgin dako ya nutse kusa da Cape Town, mai ya ɓata jikin fenguwin kusan 19,000. Amma yau yunwa ce ta fi ci musu tuwo a ƙwarya, domin ƙananan kifayen da suke ci, irin su sadin, sun ragu, kuma jiragen masunta na kamun su a daidai inda iyayen ke neman abin da za su kai wa 'ya'yansu. A watan Maris na 2025 babbar kotu a Pretoria ta amince da yarjejeniyar hana irin wannan kamun a kewayen manyan mazaunansu shida har tsawon shekara goma.

Game da shak, kada ku bari hoton da ke jikin takardar talla ya sa ku yi wa yaro alkawari. Gansbaai ta yi suna da babban farin shak, amma tun 2017, lokacin da wasu dabbobin oka guda biyu, wato dangin wel masu haƙora da ke farauta, suka fara kashe su suna cinye hantarsu, har gawa biyar suka fito gaɓa a shekarar, ganinsu ya yi wuya ƙwarai a yankin. Wanda aka fi gani yanzu wani nau'i ne mai launin tagulla. A Disamba kuma yawancin wel masu haihuwa sun riga sun koma kudu, saboda haka ku sa ranku a kan fenguwin da sil da dolfin, ku kuma tambayi kamfanin ƙa'idarsa ta shekarun yara kafin ku biya.

TAMBAYA: Mu da ke zaune a Kwatano, dole sai mun je Afirka ta Kudu kafin mu ga irin wannan? Daga wani ɗan kasuwa a Jamhuriyar Benin.

AMSA: A'a, Alhaji. Wani nau'in wel mai dogayen fikafikai, wanda ya shahara da tsalle daga cikin ruwa, yana zuwa mashigin tekun Gini domin haihuwa daga kimanin Yuli zuwa Oktoba, ana ganinsa a ruwan Gabon da Sao Tome har zuwa gaɓar Benin da Togo, kuma akan shirya fita kallonsa daga Kwatano a waɗannan watanni. Tambayoyin da na ba malamin Kano su ne naka: takardun jirgin, adadin mutanen da zai ɗauka, rigar ceto ga kowa, da direban da zai rage gudu ya tsaya daga nesa idan an hango uwa da ɗanta.