Na sauya furosesa, kwamfuta ta ƙi tashi: in sayi sabon madabod?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur, madabod ɗinta B450 ne, furosesa kuma Ryzen 3 3200G. Na tara kuɗi na sayi Ryzen 5 5600 na ɗora. Yanzu in na kunna, fankoki na juyawa, amma monita baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce madabod ya ƙone, in kawo kuɗin sabo. In saya? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ina fata dai ba ka sayar da tsohon furosesan ba, domin shi ne zai raba gardama. Mayar da shi gurbinsa ka kunna. In ta tashi, madabod lafiyarsa ƙalau.

Abu biyu nake zargi. Na farko harafin G ɗin nan da ke ƙarshen 3200G: ma'anarsa furosesan na ɗauke da sashen fitar da hoto a cikinsa. Shi 5600 ba shi da wannan sashe. Don haka in wayar monita tana jone a ramin HDMI na jikin madabod, ko shekara za ka yi ba za ka ga komai ba, alhali wataƙila kwamfutar na aiki abinta. In kana da katin hoto daban, mayar da wayar can. In ba ka da shi, to nan ne kuɗi zai fita: ko ka sayi kati, ko ka koma wajen mai shago ya musanya maka da 5600G. In aikinka rubutu da intanet ne, musayar ta fi maka sauƙi.

Na biyu BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. An fito da B450 a 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa, wanda 5600 ke cikinsa, sai ƙarshen 2020, saboda haka madabod da ba a taɓa sabunta masa BIOS ba bai san baƙon da ka kawo masa ba, duk da cewa soket ɗin AM4, wato gurbin da furosesa ke zama, ɗaya ne. Da tsohon furosesa a ciki, shiga shafin kamfanin madabod ɗin, nemo lambar samfurinka daidai, sauke sabon BIOS a filas, ka sabunta daga cikin BIOS ɗin. Karanta bayanin da ke gefensa, wasu madabod sai an fara sa wani BIOS na tsakiya kafin na ƙarshe. Kuma don Allah kada ka fara sai kana kan inbata ko UPS. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, maganar mai gyaranka na iya zama gaskiya.

Wajen cire fankar da ke kan furosesa, murɗa ta kaɗan hagu da dama kafin ka ɗaga, don man da ke tsakani kan manne ya fizgo furosesa daga soket. Ƙafafun furosesan AM4 guda 1331 ne, sirara, ɗaya ta lanƙwashe ta isa ta hana tashi. Duba wayar wuta mai rami 8 ta kusa da furosesa, ka danna RAM har ta yi ƙas, ka cire ƙaramin batirin CR2032 da ke jikin madabod na minti biyar bayan ka zare waya daga bango. Kunnawar farko takan ɗan jima, ka ba ta minti biyu.

Tambaya: Na sayi tsohuwar kwamfutar ofis mai Core i5-6500. Na samu i5-8400 da araha, an ce soket ɗinsu ɗaya. Zai yi? Wata mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Malama, ba zai yi ba. Dukansu soket ɗinsu LGA1151 ne, zai zauna daram a gurbin, amma i5-8400 ɗan ƙarni na 8 na Intel ne, sai madabod na jerin 300, irin su H310 da B360. Sabunta BIOS ba ya warware wannan. In ƙarin ƙarfi kike so, nemi i7-6700, bayan kin duba takardar samfurin injinki. In kuma har yanzu tsohon hadis mai juyawa ne a ciki, fara sa SSD, wato hadis marar juyawa mai sauri, za ki fi ganin bambanci.