Amsa: Tarin yaro a hunturu, mura ce ko limoniya?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 2 yana tari da zazzaɓi tun shigowar hunturu a Gusau, ko mura ce kawai? Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ki bari ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif da agogon waya. A shekarunsa, in numfashin ya kai 40, limoniya, wato ciwon huhu, muke zargi. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk sanda ya ja iska, ko ya ƙi shan komai, kada ki tsaya sayen maganin tari a kemis, asibiti yau ɗin nan. Ki kuma daina goya shi a bakin murhu, hayaƙin icen nan yana ƙara masa wahala.