Likita Na Amsawa: Ɗori, Miki da Ƙashin da Ya Ƙi Kamawa

Likita, an yi mini ɗinki a ƙauri bayan na faɗi da kabu-kabu. Yaushe ake cire zaren?

Malam, na ƙafa kwana 10 zuwa 14. Ka koma inda aka ɗinke ka, kada ka sa reza da kanka.

Tun da aka yi mini aiki surukata ta hana ni ƙwai, gyaɗa da nono, wai suna kawo mugunya.

Ƴar'uwa, ƙwayoyin cuta ke kawo mugunya. Abincin nan da shi jiki ke gina sabon nama. A gai da Inna, a ce mata likita ya ce ki ci.

Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga kan jaki a Illela, ya karye a gwiwar hannu. Jiya mai ɗori ya ɗaure shi da karare. Yatsun sun kumbura, kwana ya yi yana kuka. Mai ɗorin ya ce ƙashi ne ke kamawa, kada a kwance sai bayan mako.

Malam, ka kwance ɗaurin nan yanzu, ku kama hanyar babban asibitin Tawa ko na Galmi. Ƙashi ba ya kamawa a dare ɗaya, kuma kamawarsa ba ta hana yaro barci.

Tsokar hannu tana cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa. Bayan karaya kumburi yana ta ƙaruwa kwana 2 zuwa 3. In aka zagaye hannun da kara aka tamke da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. A gwiwar hannun yaro abin ya fi muni, don babbar jijiya ta gaban gwiwar take bi, bakin ƙashin da ya karye kan danne ta. Tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini ta soma mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Ka miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali. In ya ƙwala ihu, alamar ke nan. Haka in yatsun sun yi sanyi, sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yaro ya yi shiru bayan kwana biyu, a ce ya samu sauƙi, alhali jijiyar jin zafin ce ta mutu. Daga nan ko dai hannun ya ƙandare, yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar kaza har abada, ko ya ruɓe. Sai a kawo shi yana wari, a yanke, a koma gari ana cewa asibiti yankan hannu suke yi. Ai a gida aka gama da hannun.

A hanya ku ɗora hannun daidai ƙirjinsa bisa matashi. Ban da ja, ban da murza, ban da gashi da ruwan zafi. Kada a ba shi abinci ko fura, wataƙila a yi masa aiki. Za a ɗauki hoton ƙashi. In ya goce, a mayar da shi a riƙe da siraran ƙarafa biyu ko uku, a zare su bayan mako 3 zuwa 4. Simintin asibiti, wato farin ɗaurin nan mai ƙanƙarewa da ake sa wa karaya, shi ma yana iya matsewa, shi ya sa ake fara sa rabi. In bayan an sa kuka ga alamun nan, ku koma ko da tsakar dare ne.

Ƙarfe ya yanke ni a gareji, abokai suka zuba mini man birki, na barbaɗa garin kapso.

Haba Malam! Kai mota ne? Man birki, baƙin mai, toka, garin batir, duk ƙona naman da zai haɗe mikin suke. Kashin shanu kuma tetanos yake kawowa, cutar da ke sarƙe haƙora cikin kwana 3 zuwa 21. Ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu sosai, ka rufe da bandeji, ka je CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa da kai, yau a yi maka allurar tetanos. In ja ya fara bazuwa, ko zazzaɓi ya zo, kada ka kwana gida. Mai ciwon sukari ma kada ya jira alama.

Wata 8 da karayata a ƙauri, har yanzu wurin na motsi, akwai ƴar kafa mai zubar da mugunya.

Alhaji, ƙaurin babba yakan kama cikin wata 3 zuwa 6. Naka cuta ta shiga ƙashin, kuma da alama akwai mataccen guntu a ciki wanda ƙwayar magani ba ta kai wa gare shi. Sai likitan ƙashi ya buɗe ya cire, ya sake kafe ƙashin. A auna maka sukari, in kana shan taba ka bari, tana rage jinin da ke zuwa wurin. Ka nemi takardar turawa zuwa Tawa ko Yamai cikin makon nan.