Renon yara a gida a Kanada: yara nawa doka ta yarda, kuma nawa ake biya a kowane lardi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan muryar amsa ce ga ƙanwarmu da ta yi tambaya jiya da daddare. Ta ce tana da yara biyu, ɗan wata 14 da 'yar shekara 3, fita aiki ya gagara, tana so ta fara karɓar renon yaran mutane a gida. Ta ji an ce a wani lardin yara takwas ake karɓa, a wani biyar, kuma wai yanzu dala goma iyaye ke biya a rana, to ina ribar? Maigidanta kuma yana neman aiki tsakanin Ontariyo da Albata, shi ya sa take so ta san bambancin tun kafin su tashi. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshe, don na san ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba.

To ƙanwata, abu na farko, babu dokar reno guda ɗaya a Kanada. Kowane lardi da tasa. Kuma adadin da kike ji ana faɗa, biyar ko shida ko takwas, ba shi ne yawan yaran da za su riƙa kawo miki kuɗi ba. Sai kin tambayi abu biyu tukuna: ana ƙirga 'ya'yan cikinki a ciki ko ba a ƙirgawa? Sannan ƙananan nawa aka yarda a cikin adadin? A nan lissafin mutane da yawa yake rushewa, domin masu neman reno ruwa a jallo iyayen jarirai ne, su kuma jariran su ne doka ta fi taƙaitawa.

Mu fara da Ontariyo. Dokarsu ta 2014 ce, kuma ba haka kawai aka tsaurara ta ba. A 2013 wata yarinya 'yar shekara biyu ta rasu a wani gidan reno mara lasisi a kusa da Toronto, inda aka tarar an tara yara fiye da ashirin. Allah ya kiyaye mana zuri'a. Yanzu idan ba ki da lasisi, iyakarki yara 5 'yan ƙasa da shekara 13, kuma ana ƙirga 'ya'yanki da ba su kai shekara 4 ba. A cikin biyar ɗin, waɗanda ba su kai shekara 2 ba kada su wuce uku. Ke da kike da biyu ƙanana, gurbi uku ke nan ya rage miki, ba biyar ba. Idan kika shiga tsarin lasisi adadin ya koma 6, gurbinki huɗu. Ki lura, a Ontariyo gwamnati ba ta ba gidanki lasisi kai tsaye. Ejensi ce ke da lasisin, ke kuma ki yi yarjejeniya da ita, su zo su duba gidan, su kuma riƙa turo mai duba gida duk bayan wata uku ba tare da sanarwa ba.

Akwai wani kuskure da ya yi yawa a tsakaninmu, ina roƙon ku ku kiyaye shi. Mace za ta ce ai mu biyu ne a gidan, ni da ƙanwar mijina, don haka za mu riƙe goma. A'a. A Ontariyo iyakar ta gidan ce, ko ku huɗu ne manya, biyar ɗin nan ce dai. Haka kuma ɗan maƙwabciya da aka ajiye miki "na awa ɗaya kawai, zan je kasuwa in dawo", idan mai bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin, kawuna zai ƙirga, ba zai tambaye ki wanda ya biya da wanda bai biya ba. Tarar kowane yaro da ya haura adadi dala 2,000 ce, tarar hukuma tana iya kaiwa dala 100,000, idan kuma aka je kotu ana iya kaiwa 250,000 ko ɗaurin shekara guda. Sannan suna sa sunan mutum a rajistar masu karya doka da kowa ke iya gani a intanet. Mara lasisi kuma dole ta ba iyaye takarda a rubuce cewa gwamnatin Ontariyo ba ta ba wannan reno lasisi ba, ta ajiye shaidar hakan har shekara biyu, ta ba da rasit kyauta idan an nema, kuma ba ta da ikon hana uwa ko uba shiga wurin ɗansu.

Albata ta fi sauƙi ga mai ƙananan yara, gaskiya. Can yara 6 ne, kuma ba a ƙirga naki a cikin shidan, ko kina ƙarƙashin ejensi ko kina zaman kanki. Kin ga ke nan gurbi shida maimakon uku ko huɗu, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza lissafin gida. Amma a ƙarƙashin ejensi akwai iyakar shekaru: 'yan ƙasa da shekara 3 ba sa wuce uku, a cikinsu 'yan ƙasa da shekara 2 ba sa wuce biyu. Kuma ki yi wa kanki adalci. Shida da naki biyu, yara takwas ke nan a hannun mace ɗaya daga bakwai na safe zuwa biyar da rabi na yamma. Ki hango ranar sanyi a Kalgari za ki fita da su shan iska: kowane yaro rigar dusar ƙanƙara, takalmi, hula, safar hannu, kafin ki gama zuge wa na ƙarshe zif na farko ya cire nasa yana cewa fitsari yake ji. Ni dai shawarata ki fara da uku ko huɗu ko da doka ta ba ki shida, ki ƙara bayan kin gane hannunki.

Sauran lardunan zan bi su da sauri. Manitoba, mara lasisi yara 4 har da nata, biyu kawai 'yan ƙasa da shekara 2. Mai lasisi ita ce take da takwas ɗin da kika ji, amma har da nata, kuma 'yan ƙasa da shekara 6 ba sa wuce biyar, a cikinsu 'yan ƙasa da 2 ba sa wuce uku. Da naki biyun, ƙananan uku kawai za ki ɗauka, ragowar ukun 'yan makaranta ne masu zuwa da safe da bayan an tashi, kuɗinsu kuma bai kai na wuni ba. Biritish Kolombiya ta fi kowa tsanani ga mara lasisi: yara biyu rak, ko 'yan gida ɗaya. Mai lasisin reno na gida tana da 7 har da nata, amma 'yan ƙasa da wata 48 ba sa wuce huɗu, biyu kawai 'yan ƙasa da wata 24, idan kuma akwai jaririn da bai kai wata 12 ba huɗun ta koma uku. Can ma hukumar lafiya ta yankinki ce ke ba da lasisi, kuma tana neman horon awa 20. Kebek kuwa yara 6 ke kaɗai, biyu 'yan ƙasa da wata 18, idan kina da mataimakiya ya zama 9 da jarirai huɗu. Ana ƙirga naki da ba su kai shekara 9 ba, da ɗan sassauci ga masu zuwa makaranta, akwai horon awa 45, kuma harkar da Faransanci ake yin ta. Tun 2022 suka yi dokar da ke rufe ƙofar reno mara rajista, don haka mai niyyar Kebek ta nufi ofishin rajista kai tsaye.

Yawwa, sai maganar kuɗi. Dala goman nan asalinta shirin gwamnatin tarayya ne na 2021, da ta ware kusan dala biliyan 30 na shekara biyar, kowane lardi ya sa hannu, Ontariyo ce ta ƙarshe a watan Maris na 2022. Amma ki riƙe wannan da kyau: kuɗin da uwa ke biya daban, kuɗin da mai reno ke samu daban. A tsarin tallafi uwa tana biyan kaɗan, gwamnati ta cika sauran ta hannun ejensi ko ofishin da kike ƙarƙashinsa. Saboda haka idan kin ji dala goma, ba ita ce ladanki ba.

Ga abin da iyaye ke biya a wuraren da ke cikin tsarin. Manitoba dala 10 a rana tun watan Afrilu na 2023. Kebek sun riga kowa, tun 1997 suka fara da dala 5, a 2024 ta kai 9.10, a 2025 ta zama 9.35, duk watan Janairu ake ɗan ƙarawa. Albata daga 1 ga Afrilu 2025 kuɗi ɗaya ne, dala 326.25 a wata ga yaron cikakken lokaci, kusan 15 a rana ke nan, 230 ga mai rabin lokaci. Ontariyo daga Janairun 2025 ba a wuce dala 22 a rana ga yaro ɗan ƙasa da shekara 6. Biritish Kolombiya suna da wasu wuraren dala 10 a rana, 200 a wata, sauran masu lasisi kuma ana rage wa iyaye wani kaso ne.

Mara lasisi ba ta da ko sisi a cikin wannan tallafin, ita ke yanka farashinta, uwa ta biya duka daga aljihu. Bari mu yi misali, misali ne kawai. A ce kina karɓar dala 50 a rana, kwanan aiki 21 a wata, kowane yaro 1,050. Yara uku a Ontariyo 3,150, shida a Albata 6,300, kafin ki cire abinci, inshora, kayan wasa, haraji. To ki juya ta gefen uwar. Tana ba ki 1,050, alhali wuri mai tallafi 462 ne a Ontariyo, 326.25 a Albata. Ranar da aka kira ta gurbi ya samu, za ta ɗauke ɗanta, kuma ba za ki ga laifinta ba. Abin da ke riƙe wa mara lasisi kasuwa shi ne dogon layin jira, ƙarancin gurbin jarirai, iyaye masu aikin dare ko na ƙarshen mako kamar ma'aikatan jinya, sai kuma masu son abincin halal da wadda za ta yi wa ɗansu Hausa. Kasuwa ce ta gaske, amma shiga da fita ta yi yawa a cikinta. Shi ya sa in dai kin yi niyyar daɗewa a sana'ar, ni na fi son ki bi ejensi. Kafin ki sa hannu ki tambaye su nawa suke biya kan kowane yaro bisa shekarunsa, ana biyan ranar da yaro bai zo ba, ana biyan ranakun hutun gwamnati, su ke kawo miki iyaye ko ke za ki nemo, kuma sau nawa ake biya a wata. Ki tambayi ejensi biyu ko uku, farashinsu ba ɗaya ba ne ko a gari ɗaya.

Ko da wace hanya kika bi, ki rubuta yarjejeniya, ko da uwar aminiyarki ce. Kunya ita ke cinye ribar matanmu a wannan sana'a. Ki rubuta cewa gurbi ake biya ba zuwa ba, wato ko yaro bai zo ba kuɗinsa na nan. Ki sa kuɗin ajiya na sati biyu da sanarwar sati biyu kafin a cire yaro, ki sa kuɗin jinkirin ɗauka, ki rubuta ranakun Sallah da za ki rufe tunda ba hutun gwamnati ba ne a nan. Sannan maganar tafiya gida: iyali za su tafi Kano ko Yamai wata biyu su ce a riƙe musu gurbi. Ki yanke tun farko ko rabi za su biya ko duka, in ba haka ba ke za ki yi wata biyu da kujera babu kowa.

Haraji kuma, ke mai sana'ar kanki ce. Kina cike fom T2125 na hukumar haraji ta CRA, kina iya cire kuɗin abinci da kayan wasa da wani kaso na haya da wuta gwargwadon ɗakunan da kike amfani da su da awannin aiki, don haka kada ki yar da rasit ko ɗaya. Kuɗin fansho na CPP ke za ki biya ɓangare biyun, kashi 11.9 cikin ɗari, ki riƙa ware shi duk wata kada Afrilu, watan biyan haraji, ya riske ki hannu wofi. Iyaye za su nemi rasit mai lambar SIN ɗinki, wato lambarki ta aiki da haraji, domin a lissafin harajinsu suna cire har dala 8,000 a shekara kan yaro ɗan ƙasa da shekara 7. Wadda ta ce a ba ta a hannu ba rasit, ta hana su wannan, kanta kuma ta jefa a matsala.

Inshorar gida ta yau da kullum yawanci ba ta ɗaukar sana'a. Ki kira kamfanin ki gaya musu reno za ki yi, su ƙara miki kariya, da yawa dala miliyan 2 ake nema. In haya kike, ki duba yarjejeniyarki ki yi magana da mai gida. In ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, za a duba ko akwai tagar fita idan gobara ta tashi, da na'urar hayaƙi da ta iskar gas mai guba. Ejensi za ta nemi binciken 'yan sanda na masu aiki da yara, ba naki kaɗai ba, har na duk babban da ke kwana a gidan, da takardar agajin gaggawa mai haɗe da farfaɗo da numfashin jarirai. Jariri kuma a rigingine ake kwantar da shi, a gadonsa shi kaɗai, ba filo ba bargo mai kauri, ba a kan kujerar falo ba.

Sai gyaɗa. Don Allah ku ji wannan. Alajin gyaɗa yana da yawa a yaran ƙasar nan kuma yana kisa cikin mintuna, mu kuma kicin ɗinmu cike yake da ita: kunun gyaɗa, miyar taushe, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Wanda aka fi mantawa shi ne yajin tsire, akwai garin ƙuli a ciki. Cokalin da ya taɓa shi, ko hannun ɗanki da ya ci ya kama abin wasa, ya isa ya kumbura wa yaron mutane maƙogwaro. Ki tambayi kowace uwa a rubuce, in akwai mai alaji ta kawo EpiPen, wato allurar gaggawa ta alaji, ta nuna miki yadda ake soka shi a cinya, bayan kin soka ki kira lambar gaggawa 911 nan take ko da kin ga ya samu sauƙi.

Ƙanwata, kafin duk wannan ki ɗauko takardar izinin aikinki ki karanta sharuɗɗan da ke ƙasa. Wasu an rubuta musu ƙarara ba a yarda su yi aikin renon yara ko koyarwa ko aikin lafiya ba, saboda ba a sa gwajin likitan shige da fice a fayil ɗinsu ba. In naki haka yake, sai kin je wurin likitan da hukumar shige da fice ta IRCC ta amince da shi, sannan ki nemi a cire sharaɗin, kada ki karɓi yaro ko ɗaya kafin sabuwar takardar ta iso. Idan kun tsayar da garin da za ku zauna ki faɗa a nan, masu zama can su gaya miki ejensin da ke kusa da ke. Allah ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.