Abin da ya sa nake cewa "mu gani tukuna"

Yarona, jiya muna shirin rufe ofis ka yi min tambayar da na ga ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Oga, duk sanda na nuna maka sabon kayan aikin da ake yayi, sai ka ja tsaki ka ce mu gani tukuna. Na lura manyan masu rubuta manhaja duk haka suke, kamar sun tsani sana'ar da ke ciyar da su. Me ya kawo haka?" An riga an kira magariba, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Aikin nan ban tsane shi ba. Har gobe in na kwana biyu ina farautar kuskure a cikin kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ranar da na damƙe shi ko abinci ba na nema don daɗi. Abin da ya ishe mu shi ne hayaniyar kasuwar da ta kewaye aikin. Masu talla suna tallarsu su wuce, mu ake bari da gyara.

Ka san mai sayar da magunguna a sari ɗin nan da muke kula wa da manhaja. Ba ni na rubuta ta ba tun farko. Wani matashi ne mai ƙwaƙwalwa ya gina ta da kayan da ake yayi a shekararsa, ya karɓi kuɗinsa, ya samu aiki a waje ya tafi. Wata Asabar da sassafe Alhajin ya kira ni, muryarsa na rawa: furinta ta ƙi fitar da rasit, motoci biyu na jiran kaya, yaransa sun koma rubutu da biro a bayan kwali. Na je na zauna a kan katon ɗin ruwan ƙari, janareta na ruri a bayana. Me ya faru? Kwamfutar ta sabunta kanta cikin dare, wani ɗan guntun kod na aro da ke magana da furinta ya daina aiki, mai shi kuwa ya yi shekara uku bai taɓa shi ba. Na fita daga shagon bayan la'asar. Alhaji ya kalle ni ya ce, "To wai me ya lalace, tunda ba wanda ya taɓa komai?" Gaskiyarsa ce, kuma ita ce tambayar da ta fi wuyar amsawa a sana'ar nan.

Kada ka ɗauka mu ƙanana kaɗai abin ke ci. A Maris 2016 wani mutum ya yi fushi ya janye kayansa daga npm, rumbun intanet da masu rubuta manhaja ke aron kod, ciki har da left-pad, kod mai layi 11 kacal. Nan take ayyuka dubbai a duniya suka ƙi haɗuwa. A Disamba 2021 aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wani kod na aro da manhajoji da yawa ke amfani da shi, sai ga shi manyan kamfanoni masu biliyoyin dala sun jingina da abin da 'yan sa-kai ƙalilan ke riƙe da shi kyauta. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma sabuntawa guda daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Wanda ya ga irin wannan, in aka ce masa sabon abu ya zo da zai warware komai, ai dole ya ɗan ja baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sai maganar yayi, wadda ta fi shafar ka. Google ta fitar da AngularJS, kayan aikin gina manhajar intanet, a 2010, mutane suka zuba shekarunsu suna koyo. A 2016 ta fito da Angular 2, wanda sunan ne kawai ya haɗa su, sauran duk sabon gini ne. Ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohon. Heroku ta daɗe tana ba da wurin ajiye manhaja kyauta, a Nuwamba 2022 ta rufe wannan ƙofa. Ba haramun suka yi ba, kayansu ne. Amma mu a nan da ake biyanmu da naira muna biyan hayar saba, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kai, da dala, irin wannan sanarwa ta layi biyu tana iya cinye ribar kwangila gaba ɗaya. Tsofaffin harsunan kwamfuta kuwa, SQL tun shekarun 1970 yake, COBOL tun 1959, kuma har yau akwai bankunan da ke tafiya a kan COBOL ɗin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Manyan kamfanonin ma da kake mafarkin shiga, ka riƙe mafarkinka, amma ido buɗe. Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamba 2022, Google 12,000 a Janairu 2023, Microsoft ma 10,000 a Janairun nan na 2023. Ba malalata aka kora ba.

Na san inda zuciyarka take, ƙirƙirarriyar basira. Ni ma ina amfani da ita, tana rage min rubutun da ba ya buƙatar tunani. Amma ka tuna makon jiya da ta rubuta maka lissafin ragi, ya fito tsaf kamar na littafi, sai da muka gwada da kwastoman da ya dawo da rabin kaya muka ga tana cire ragin sau biyu. Da ya shiga shagon Alhaji, wa za a kira? Ba ita ba. Kod ɗin da ba za ka iya yi min bayaninsa layi-layi ba, kada ka miƙo min shi, ko wa ya rubuta.

Ban hana ka ɗokin sabon abu ba, kuma ban so ka koyi tsaki kafin ka koyi aiki. Tsohon da ke ƙin komai don kawai sabo ne, shi ma ragon kansa ne, na san irinsu. Ka sauke abin a kwamfutarka ka yi wasa da shi ranar Lahadi. Sai dai kafin ka ɗora dukiyar wani a kai, ka duba wa ke riƙe da shi da abin da yake ci a ciki, ka duba yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe. Sannan ka tambayi kanka, in mai shi ya rufe gobe, kwana nawa zai ɗauke ka ka kwashe bayanan kwastoma ka koma wani wuri. In amsar ta kwanta min, ni da kaina zan ce mu gwada.

Gobe ka zo da wuri. Za mu ɗauki kwafin rumbun bayanan Alhaji na daren jiya mu zuba shi a tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin tebur, mu ga ko zai tashi. Wata biyu ke nan ba mu gwada ba. Ka taho da cajar laftof ɗinka, tawa ta fara tsartsatsi.