Allunan matuƙi sun yi mini ƙanana a jirgin kwaikwayo na gida, yaya zan gyara su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Zariya, kuma kusan shekara guda ke nan ina koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta da manhajar Microsoft Flight Simulator ta 2020. Jirgin da na fi hawa shi ne ƙaramin jirgin nan Cessna 172 mai allunan Garmin G1000, wato allunan gilashi biyu masu nuna ma'aunan jirgi da taswira. Matsalata ita ce lambobin sun yi mini ƙanana, sai na kai fuskata dab da kwamfuta kafin in karanta tsayi ko gudu. Na taɓa buɗe wani fayil a cikin foldar jirgin na sauya wasu lambobi, allon ya yi baƙi ƙirin. Bai dawo ba sai da manhajar ta sabunta kanta, gyaran nawa kuma ya bi ruwa. Ina da wata tsohuwar monita a ajiye. Ina so in ƙara girman allon, in sauya launukansa zuwa waɗanda suka fi kwanta wa idona, in kuma mayar da ma'aunin matsin iska zuwa irin wanda ake amfani da shi a filayen jiragenmu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin da yawa daga cikinmu da ke harkar, ta nan muka faro. Buƙatu uku ka kawo. Biyu daga ciki za ka iya biya wa kanka yau ɗin nan ba tare da ka buɗe fayil ko ɗaya ba. Ta ukun, wato sauya launi, ita ce zan roƙe ka ka dakata da ita, kuma zan faɗa maka dalili.

Mu fara da girma, tunda shi ne ya fi damun ka. Allon G1000 na gaske da ke cikin Cessna 172 girmansa inci 10.4 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma yana gaban matuƙi kusan tsawon hannu. A kwamfutarka kuwa an cusa dukan ɗakin matuƙi cikin monita guda: tagogi, sitiyari, alluna biyu, maɓallai, har da sararin sama. Abin da ya rage wa kowane allo bai fi tafin hannu ba. Don haka idonka lafiya lau yake, wurin ne ya yi kaɗan.

Maganin yana cikin manhajar. Ka danne maɓallin Alt na hannun dama, ka kai linzamin kwamfuta kan allon jirgin. Za ka ga alamar ta koma gilashin ƙara girma mai alamar tarawa. Ka latsa, allon zai fito a tagarsa ta daban, sai ka ja ta ka kai kan waccan tsohuwar monitar taka ka buɗe ta. Ka lura fa, na dama nake nufi; na hagu ba zai yi ba, kuma mutane da yawa a nan suke maƙalewa su ce abin ba ya aiki.

Kada ka raina monitar nan da ka ajiye. G1000 yana zana hotonsa ne a ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye, wato siffar huɗu bisa uku. Tsofaffin monitocin ofis masu inci 15, waɗanda suka yi kusan murabba'i, daidai wannan adadin suke da shi, don haka hoton yana zama a kansu ɗas, ba ja ba matsi. Masu inci 17 galibi 1280 da 1024 ne, za ka ga ɗan baƙin layi sama da ƙasa, ba wata matsala ba ce. Sabbin monitoci masu faɗi su ne ke jawo ɓarna idan mutum ya matsa sai hoton ya cika gilashin: da'irar kamfas sai ta koma kamar ƙwai, kusurwar karkatar jirgi ta daina yin daidai da abin da ido ke gani. In ka ga haka, ka bar baƙin fili a gefe da gefe. Idan monitar taka mai tsohuwar mahaɗar VGA ce, shuɗiyar nan mai kusoshi biyu, ƙaramar adafta daga HDMI zuwa VGA ta wadatar, kuma masu sayar da kayan kwamfuta suna da ita.

Akwai abubuwa biyu da za ka ci karo da su. Kowace taga ka fitar, ƙarin aiki ce ga katin da ke zana hoto, sai ka ga motsin jirgin ya ɗan fara sarƙewa. In injinka ba mai ƙarfi ba ne, ka fitar da allo ɗaya kawai, na hagu, wanda ke nuna gudu da tsayi da daidaiton jirgi, ka bar na taswira a inda yake. Sannan manhajar ba ta tuna inda ka ajiye tagar, kullum ka tashi sabon jirgi sai ka sake jawo ta. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MSFS Pop Out Panel Manager da aka yi don wannan wahalar, ita za ta riƙa fitar da tagogin tana mayar da kowacce mazauninta. Wanda kuma ba shi da monita ta biyu, yana iya saita kallonsa kusa da allon ya adana shi da Ctrl da Alt da wata lamba, duk lokacin da ya so ya dawo da shi da Alt da wannan lambar.

Tagar da ta fito gilashin ne zalla, babu maɓallan da ke kewaye da shi. G1000 kuwa rabin aikinsa a maɓallai yake: goma sha biyu a jere a ƙasan allo, ga kuma na murɗawa a gefe. Masu son su taɓa da yatsa sukan sayi Air Manager, manhajar kamfanin Sim Innovations, wadda ke zana firam ɗin da maɓallansa a kan allon taɓawa, sai a saka tagar a tsakiya. Masu son aikin hannu kuma sukan bi ta manhajar MobiFlight, wadda kyauta ce, su haɗa ta da ƙaramin allon lantarki mai suna Arduino Mega 2560 da 'yan maɓallan murɗawa. Ni na fi son wannan hanyar ta biyu. Ranar da na fara murɗa maɓalli na gaske da yatsu biyu, na ji ƙas-ƙas ɗinsa, na ga alamar alkibla tana zagaya kamfas a kan monita ba tare da na cire ido daga sararin sama ba, a ranar na gane yawan hankalin da linzami ke cinye wa mai koyo. Amma wannan aikin wata ne nan gaba, ba na wannan makon ba.

Batun ma'aunin matsin iska, wanda da shi ake saita ma'aunin tsayi, ba ya buƙatar gyaran fayil. Jirgin yana zuwa da inci na zaiba ne domin haka ake yi a Amurka, mu kuma a Najeriya da Nijar da mafi yawan duniya hektofaskal ake ba matuƙi. A maɓallan ƙasan allon hagu ka latsa PFD Opt, ka shiga ALT Units, ka zaɓi HPA, wato hektofaskal. Shi ke nan, inda kake ganin 29.92 za ka koma ganin 1013. Yana da kyau ka saba da wannan tun yanzu, domin kuskuren hektofaskal ɗaya yana kai kusan ƙafa 30 a ma'aunin tsayi. Mutum ya yi kuskuren goma, ya yi ta tafiya yana ganin yana wani tsayi alhali ƙafa 300 ne tsakaninsa da gaskiya.

Yanzu ga abin da ya faru da fayil ɗinka. Ina kyautata zaton panel.cfg ka buɗe, domin shi ne kowa ke fara kai wa hannu. A cikinsa kowane allo yana da sashensa mai suna kamar VCockpit01. A ƙarƙashin sashen akwai layin da ke faɗin yawan ɗigon hoton, akwai wanda ke faɗin sunan fatar, wato fuskar gilashin da za a liƙa hoton a kanta, akwai kuma layin htmlgauge00 da ke nuna hanyar zuwa ainihin shafin da ke zana allon, da lambobi huɗu a ƙarshensa: inda zane zai fara da faɗinsa da tsayinsa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ƙara waɗannan lambobin ba ya ƙara girman allo a ɗakin matuƙi. Girman gilashin an riga an sassaƙa shi a jikin siffar jirgin, fayil ɗin yana faɗin abin da za a shafa a kai ne kawai. Ka ninka lambar, ko dai hoton ya maƙale a kusurwa guda, ko ya yanke, ko kuma in ka taɓa harafi ɗaya a hanyar shafin ko sunan fatar, gilashin ya yi baƙi kamar yadda ka gani.

Su kansu allunan shafukan intanet ne a ɓoye. Da HTML da CSS da JavaScript aka rubuta su, wani injin da ake kira Coherent GT yana zana su a cikin wasan, suna karɓar gudu da tsayi da sauran bayanai daga manhajar. Duk wanda ya taɓa gina shafin yanar gizo zai gane abin da yake gani. Shi ya sa ƙungiyoyin masu sha'awa suka iya yin abin mamaki: Working Title sun sake gina G1000 har aikinsu ya zama na cikin manhajar, FlyByWire kuma sun ɗauki Airbus A320neo sun mai da shi A32NX, kyauta, lambobinsa a buɗe ga duk mai son karantawa. In kana son koyon yadda ake zana allo, karanta aikinsu ya fi maka taɓa fayil a makance.

Gyaranka ya ɓace ne domin ka yi shi a foldar Official, wadda manhajar ke ɗauka tata ce, duk lokacin sabuntawa tana iya mayar da kowane fayil yadda yake. Wurin aikinka shi ne foldar Community. Ka buɗe sabuwar folda a can, ka gina hanyar foldoji iri ɗaya sak da ta jirgin, ka kwafi fayil ɗin da kake son gyarawa ka saka, ka gyara kwafin. Manhajar za ta fifita naka a kan na asali. Dole foldar ta ƙunshi fayiloli biyu, manifest.json mai bayanin kunshin da layout.json mai jerin duk fayilolin da ke ciki. Fayil ɗin da ba ya cikin jerin, manhajar ba ta ganin sa ko da yana nan zaune. In abu ya lalace, ka cire foldarka, jirgi ya koma yadda yake. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda kana gwadawa. Kuma in allo ya yi baƙi, kafin ka zargi fayil ka duba ko batir da makunnin na'urori suna kunne, domin jirgin da aka tarar a fake a kashe allunansa baƙi ne dama.

Saura launi, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Za ka iya sauya shi, layi kaɗan ne a fayil ɗin salo. Amma launukan nan yare ne, ba ado ba. Shuɗi sama ne, ruwan ƙasa ƙasa ce, ta yadda ko jirgi ya shiga gajimare ya karkace, kallo ɗaya zai gaya maka ina ne sama. Layi mai launin jan algashi, wanda ke tsakanin ja da shunayya, yana nufin GPS kake bi. In allurar ta koma kore, tashar rediyo ta ƙasa kake bi. Rawaya jan kunne ne, ja kuma haɗari. Dubi zaren gudu na Cessna 172S, wato layin lambobin da ke gefen hagu na allo, wanda ake auna shi da not, mil ɗaya na teku a awa: fari daga not 40 zuwa 85 shi ne iyakar da ake sauke fikafikan rage gudu gaba ɗaya, kore daga 48 zuwa 129 tafiya ce ta yau da kullum, rawaya daga 129 zuwa 163 sai iska tana kwance, jan layi a 163 ba a ƙetare shi. Matuƙi ba ya tsayawa karanta lamba a lokacin sauka, launin yake gani da gefen ido.

Kai kuma a Zariya kake, garin da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama take tun 1964. Ban sani ba ko ranka yana can, amma in wata rana ka zauna a jirgi na gaske, idon da ka horar a ɗakinka shi za ka shiga da shi. Idon da ya shekara yana ganin layin GPS a wani launi da ka zaɓa masa sai an sake koya masa daga farko, kuma cire sabo ya fi koyon sabon abu wuya. Haka ma wurin zaman kowane ma'auni: gudu a hagu, daidaiton jirgi a tsakiya, tsayi a dama, alkibla a ƙasa. Tsarin nan ya girmi allunan gilashi, haka yake tun zamanin agogunan allura guda shida, kuma Garmin ba su taɓa shi ba da suka mayar da komai kan gilashi. In hasken ne ke damun idonka, musamman da dare, ka rage shi daga monitar ko daga saitin hasken allon. In kana da matsalar bambance launuka, wannan magana ce ta likitan ido, kuma gara ka san matsayinka da wuri.

Ga gwajin da zan ba ka na daren yau. Ka haɗa monitar, ka ajiye jirgin a filin Malam Aminu Kano, wanda lambarsa a manhajar DNKN ce. Ka fitar da allon hagu da Alt na dama, ka mayar da ma'auni zuwa HPA, sannan ka murɗa maɓallin BARO, mai saita matsin iska, har lambar ta yi daidai da matsin iskar da rahoton yanayi ya bayar. Tun jirgin yana tsaye a ƙasa, zaren tsayi ya kamata ya nuna kusan ƙafa 1,560, wato tsayin filin daga doron teku. In ka iya karanta wannan lambar kana jingine a kujerarka, ba tare da ka miƙa wuya ba, sai ka rubuto mini mu yi maganar maɓallan murɗawa da yadda ake haɗa wayoyinsu.